Zuciyar Dashe da Zuciyar Mai Jego: Awon da Asibitocin Bande Za Su Iya Farawa Gobe

Mutumin da aka yi wa dashen zuciya, ko yana kwance yana sharar barci, zuciyarsa tana bugawa sau 90 zuwa 110 a minti guda. Ta lafiyayyen da ke kwance kusa da shi da wuya ta wuce 60 zuwa 80. Idan su biyun suka tashi suka kama hawan tudu, zuciyar lafiyayyen za ta ɗauki sauri tun daga takun farko, ta mai dashe kuwa sai ta yi kamar ba ta san an tashi ba. Sai an ɗan jima ana tafiya sannan ta fara ƙara gudu. Su kai ƙarshe su zauna, ta lafiyayyen ta soma sauka nan take, ta ɗayan kuma ta ci gaba da lugude, wani lokaci ma a sannan ne take kaiwa ƙololuwa.

A Bande, da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas a Nijar, babu wanda ke jiran a kira shi a yi masa dashe. Ba a yin wannan aiki a Damagaram, ba a yin sa a Yamai, ba a yin sa a Kano. Amma ilimin da likitoci suka tara cikin shekaru sama da 50 suna lura da yadda zuciyar dashe ke amsa aiki ya haifar da wani abu mai araha, wanda duk asibitin ƙauye zai iya ɗauka: iya tafiyar da mutum zai yi kafin haki ya tsayar da shi babban ma'auni ne na lafiyar zuciyarsa. Yankin da ke cikin mafi yawan ciwon zuciyar jego a duniya bai kamata ya bar wannan ma'auni a aljihun manyan likitoci ba.

Tushen bambancin yana wajen jijiyoyi. Zuciya tana da abin kunna bugunta a jikinta, wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta a saman ɗakinta na dama, wanda in an bar shi shi kaɗai zai riƙa bugawa kusan sau 100 a minti. Ƙwaƙwalwa ce ke juya shi ta hanyar jijiyoyin saƙo iri biyu, kamar yadda mahayi ke juya doki a hawan Salla: ɗaya linzami ce mai riƙewa, ɗaya ƙaimi ce mai zaburarwa. Likitan fiɗa yana iya ɗinke manyan hanyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, amma waɗannan jijiyoyi in an yanke su babu allurar da za ta haɗa su. Sabuwar zuciya takan shiga ƙirji ba linzami ba ƙaimi. Rashin linzamin ne ke sa ta gudu a lokacin hutu, rashin ƙaimin kuma ke sa ta nawa a lokacin aiki.

To da me take taimakon mai ita? Da hanyoyi biyu. Da ya fara tafiya, tsokar ƙafafu tana matso jini ya koma zuciya da yawa, zuciyar ta cika sosai, sai ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu ko da saurinta bai ƙaru ba. Daga baya wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda su zuba sinadarin adirenalin cikin jini, ya zagaya har ya iske zuciya ya zaburar da ita. Wannan zagaye yana cin mintoci, kuma in an daina aiki sinadarin ba ya ɓacewa nan da nan. Shi ya sa ake umartar masu dashe su fara kowane motsa jiki a hankali na tsawon lokaci, su kuma ƙare shi a hankali. Bayan shekara ɗaya ko fiye wasu jijiyoyin sukan sake tsirowa a jikin wasu mutane, musamman matasa, amma da wuya su koma yadda suke.

Akwai wani haɗari da ke tattare da yanke jijiyoyin. Yawancin masu dashe ba sa jin ciwon ƙirjin da ke gargaɗin mutum cewa hanyoyin jinin zuciyarsa sun fara toshewa. Abin da kan tona asirin cutar shi ne gajiya da haki, mutum ya ga aikin da yake yi a watan jiya ya gagare shi a wannan wata.

Tarihin aikin a nahiyar Afirka ya fara. Ranar 3 ga Disambar 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar wata budurwa 'yar shekara 25 da mota ta buge, Denise Darvall, ya dasa wa Louis Washkansky. Kwana 18 ya yi ya rasu da ciwon huhu. Na biyunsa, likitan haƙori Philip Blaiberg, ya yi wata 19. Aikin bai zauna da gindinsa ba sai da maganin saikulosforin, mai hana jiki yaƙar baƙuwar gaɓa, ya shigo hannu a farkon shekarun 1980. A yau rabin manyan da aka yi wa dashe suna wuce shekara 12, kuma a 2022 Amurka kaɗai ta yi dashe fiye da 4,000.

Da mutane suka fara daɗewa, sai wata tambaya ta taso: me ya sa wanda aka ba zuciyar matashi lafiyayye har yanzu yake haki? Awo ya nuna cewa yawancinsu, in ba su samu horo ba, ƙarfin aikinsu bai wuce kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na sa'o'insu ba. Nawar bugun zuciya na da nata kason laifi. Sauran laifin yana cikin cinyoyi da ƙwauri. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jinya a zaune, tsokarsa ta zube, ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita sun ragu, ga magungunan hana ƙin dashe suna ƙara raunana ta. An canja zuciya, amma ƙafafun na mai jinya ne.

Daga nan aka koma kan ƙafafun. Terence Kavanagh, wani likita a Toronto, ya sa masu dashe cikin tsarin tafiya da sassarfa na watanni, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ya horar, Brian Price, ya kammala tseren Boston mai kilomita 42 a 1985, wata 15 bayan an yi masa aiki. A 1999 Jon Kobashigawa da abokan aikinsa a Los Angeles suka raba masu dashe 27 gida biyu. Bayan wata 6, waɗanda aka horar a ƙarƙashin kulawa ƙarfin amfani da iskar oksijin ɗinsu ya ƙaru da kashi 49 cikin 100, waɗanda aka sallama gida da shawara kawai kuma kashi 18. Kelly Perkins, wadda aka yi wa dashe a 1995, ta hau dutsen Kilimanjaro a 2001. Erik Compton, mai zuciya ta uku a ƙirjinsa bayan dashe biyu, a 1992 da 2008, ya zo na biyu tare da wani a babbar gasar golf ta Amurka a 2014.

Ma'aunin nan na ƙarfin aiki yana kuma cikin abubuwan da ke tantance wanda za a ba zuciya tun farko. A 1991 Donna Mancini ta nuna cewa mai ciwon zuciyar da jikinsa ke iya amfani da oksijin fiye da mililita 14 a kowane kilo na nauyinsa a minti guda zai iya jira, wanda ya gaza haka kuwa yana cikin haɗari. Wannan awo yana buƙatar na'ura mai tsada. Amma tun a shekarun 1980 aka samo masa ƙani mai sauƙi, wato awon tafiyar minti 6: a auna fili mai tsawon mita 30, mara lafiya ya yi ta kai da komo iyakar ƙarfinsa, a ƙirga nisan. Mai ciwon zuciyar da ya kasa cika mita 300 yana buƙatar kulawa ta musamman. Kayan aikin su ne agogo, igiyar awo da kujera.

A nan maganar ta iso Bande.

Garin yana kan titin da ya taso daga Damagaram ya nufi Magarya da iyakar Najeriya, cikin ɗaya daga yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, kuma a ƙasar da binciken 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace guda ya kai 7.6. Ciwon zuciyar jego, wanda ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa, tsokar zuciyarta ta saki ta kasa tura jini, a ƙasar Hausa aka fi saninsa. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka bi mata 224 a Zariya, inda aka ƙiyasta ciwon na kama mace 1 cikin kowace haihuwa 100. A Sakkwato, a 2007, Isezuo da Abubakar suka samu 1 cikin 102. Rajistar da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Najeriya ta samu 1 cikin 96 a Kano, kuma kusan 1 cikin 5 na matan da aka bi sawunsu sun rasu kafin shekara 2. A Amurka ana maganar 1 cikin 1,000 zuwa 4,000 ne, a Japan kuwa 1 cikin kusan 20,000. A wannan gefen iyaka, Arnaud Cénac ya yi shekaru yana nazarin ciwon a Yamai, ya kuma nuna cewa masu shi suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Matan Bande da na Dungas ba su da bambancin abinci, al'ada ko yanayi da matan Ɓaure da Maigatari.

A ƙasashe masu hali, matar da wannan ciwo ya ƙi sakinta tana cikin waɗanda ake sa wa suna a layin dashe. Kuɗin aikin a Amurka, a ƙiyasin 2020, ya haura dala miliyan ɗaya da rabi, ban da maganin da za a sha har ƙarshen rai. Dole kuma zuciyar ta fita daga wani ƙirji ta shiga wani cikin awa 4 zuwa 6. Wanda ya san yadda ake fito da mai naƙuda daga ƙauye a amalanke da damina ya san inda wannan magana ta tsaya. Abin da ya rage wa mace a Bande shi ne a gano ta da wuri, lokacin da ƙwayoyin magani ke iya ba zuciyarta damar farfaɗowa.

Gano ta kuwa ba ya buƙatar fitila, domin rayuwarta cike take da awo. Ta san guga nawa take ja kafin ta huta. Ta san ko tana gama dakan gero a tsaye ɗaya. Ta san tafiyar da ke tsakanin gida da fadama, da tulu ko ba tulu. Idan waɗannan suka fara gagararta, ita ce ta farko da za ta sani, sai dai abin da za ta ji a gida shi ne "jego ne, zai wuce", ko "sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba". Sai a ƙara wuta a ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu. Masana sun saɓa kan ko wankan jego da kunun kanwa ne ke haddasa ciwon. Masu binciken Zariya sun ɗora musu laifi, na Kano kuma ba su samu alaƙa mai ƙarfi ba, suka fi ganin rama, talauci da hawan jinin ciki. Amma babu saɓani a kan cewa kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta gaza ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan ƙarin kaya.

Abin mamaki shi ne matan nan suna zuwa asibiti a daidai lokacin da ciwon ke bayyana. Rigakafin jariri yana faɗowa a mako na 6, na 10 da na 14. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin ceton yara daga tamowa da zazzaɓin cizon sauro a asibitin Magarya. Hanyar kawo yaro ta buɗe. Uwar da ta goyo shi tana zaune a kan benci, ana auna nauyinsa, ana sa masa awo a dantse, ana rubuta katinsa. Minti 2 ya isa a juyo gare ta: "Baiwar Allah, aikin da kike yi kafin ciki, yanzu kina iya shi? Da dare kina kwanciya a miƙe ko sai kin jingina? Tari na tashinki daga barci? Mu ga ƙafarki." Wadda ta ce sai ta jingina take barci, ko yatsa ya lotsa ƙafarta, ba ta jiran wani awon tafiya. A duba bugun jininta da hawansa, a tura ta Magarya, daga can kuma babban asibitin Damagaram inda za a ɗauki hoton zuciya. Wadda abin nata bai fito fili ba, ita ce za a sa ta yi tafiyar minti 6, a rubuta nisan a katin ɗanta, a sake aunawa a zuwa na gaba. Lambar da ke raguwa daga wata zuwa wata ta fi kowace rantsuwa ƙarfi a gaban miji da uwar miji.

Za a ce haki ba na zuciya kaɗai ba ne. Gaskiya ne. Ƙarancin jini na sa shi, haka zazzaɓi, haka tarin fuka, kuma a wannan yanki ƙarancin jini ya fi ciwon zuciya yawa nesa ba kusa ba. To wanne daga cikinsu ya dace a bar mace da shi a gida? Tambayar ba ta yanke hukunci, tana ware wadda ke buƙatar a duba ta ne.

Za a kuma ce mutanen karkara ba sa buƙatar a yi musu wa'azin motsa jiki, su da ke wuni a gona da bakin rijiya. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne darasin masu dashe ya fi amfani. Abin da ya tashi marasa lafiyar Toronto da Los Angeles aiki ne mai mataki: a fara da kaɗan, a ƙara bisa awo, a huta tsakani, a tsaya in alama ta nuna. Jan ruwa daga rijiya mai zurfi da ɗaukar dami ba su san mataki ba. Al'ada ta ba mai jego hutun kwana 40, kuma wannan alheri ne da ya kamata a riƙe. Matsalar tana ranar 41, lokacin da take komawa ɗakinta ta tarar da turmi, tulu da itace duk suna jiranta a yini guda. Wadda aka tabbatar tana da ciwon, a lokacin da kumburi da haki suka yi tsanani hutu ne maganinta. In ta daidaita a kan magani, sai a dawo da ita aiki kaɗan-kaɗan, a fara da tafiya a fili. Babban gwajin da aka buga a 2009 kan masu gazawar zuciya 2,331 ya tabbatar cewa irin wannan horo ba shi da haɗari ga wanda ciwonsa ya lafa.

Akwai kuma darasin bugun jini. Masu horar da masu dashe sun daɗe da daina dogara da ƙidayar bugu, tunda zuciyar ba ta amsawa a kan lokaci. Suna tambayar mutum yadda yake jin nauyin aikin, suna kuma sauraron ko yana iya magana yana tafe. Mai jegon da aka ɗora a kan maganin rage gudun zuciya, irin su kabedilol da bisofurolol, ita ma bugunta ba zai nuna gaskiyar wahalarta ba. Ƙa'idar da za ta tafi da ita gida mai sauƙi ce: aikin da ba za ta iya amsa sallama a cikinsa ba sai ta ja numfashi, ya yi mata yawa.

Magungunan ciwon tsofaffi ne, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba su da tsada in aka gwada da jinya a Kano ko Yamai. Sai dai na likita ne, domin wasunsu suna cutar da ɗan tayi, ba a sayen su a tire a kasuwa. Wadda zuciyarta ba ta warke ba, sabon ciki na iya zama ajalinta, don haka maganar tazarar haihuwa a gaban mijinta za a yi ta, da hoton zuciyar a hannu.

Tambayar ba ta mata kaɗai ba ce. Magidancin da hawan jini ya cinye a ɓoye yakan fara ganewa ne ranar da ya kasa kai ƙarshen kunyar da ya saba nomewa. Yaron da ciwon maƙogwaro ya bi ya lalata masa ƙofofin zuciya yakan fara zama a gefen fili yana kallon 'yan'uwansa suna ƙwallo. Malamin makaranta da ma'aikacin sa-kai na unguwa suna iya lura da su duka biyun.

Hukumar lafiya ta jihar Damagaram da likitocin gundumomin Magarya da Dungas suna da ikon fara wannan ba tare da jiran tallafin waje ba. A ƙara tambayoyin uwa a ranar rigakafi. A shata mita 30 a harabar kowane asibitin karkara. A koya wa ungozomomi da ma'aikatan sa-kai alamomin da ke buƙatar turawa. Tsangayar likitanci ta Jami'ar André Salifou da ke Damagaram ta ƙirga matan da aka gano, ta bi sawunsu, domin masu rabon kasafi su ga adadi a rubuce kamar yadda Kano da Sakkwato suka fitar da nasu. Limamai su faɗi a huɗuba cewa ɗauke wa mai jego tulu da taɓarya yana cikin haƙƙin da ke wuyan miji.

Maigidan da matarsa ta haihu cikin watannin nan, in ya ga tana barci a zaune ko tana tsayawa hutu tsakanin ɗaki da madafa, ya dakatar da kanwa, ya kai ta asibiti a ranar, kada ya jira arba'in.